BABI NA UKU: MARUBUCIN LITTATTAFAN YARA MASU HOTUNA DA YANAYIN AIKINSA A ƘASAR HAUSA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ma'anar adabin yara da rabe-rabensa. A wannan babi kuwa za a juya ga mutumin da yake samar da littafin, wato marubuci, domin a ga yadda yake gudanar da aikinsa na yau da kullum: wa yake sa shi aikin, a ina yake zama ya yi shi, hannun wa da wa rubutunsa yake bi kafin ya zama littafi, kuma da me yake ciyar da iyalinsa. Manazarta adabin Hausa sun fi mayar da hankali a kan jigo da salo da zubi da tsarin littattafai. Ba kasafai ake tsayawa a kan waɗannan tambayoyi ba, alhali kuwa su ne suke bayyana dalilin da ya sa littattafan yara suka bunƙasa a wani zamani, suka kuma ja baya a wani.

An ɗauki Alhaji Abubakar Imam a matsayin babban misali, saboda littafinsa Magana Jari Ce ya fi kowane littafi mai zane-zane daɗewa a hannun 'yan makaranta a ƙasar Hausa, kuma shi kansa ya bar bayanin yadda ya rubuta shi. Ya kamata a faɗa tun da wuri cewa Magana Jari Ce ba littafin hotuna ba ne irin na Turai, wanda hoto yake cinye shafi, rubutu kuwa bai wuce layi biyu ko uku ba. Littafin karatu ne mai yawan rubutu wanda aka ƙawata da zane. Duk da haka daga gare shi ne za a fi fahimtar tsarin aikin da marubutan da suka biyo baya suka gada. Abin da babin yake son nunawa shi ne, tun daga 1936 mai rubuta wa yara littafi da Hausa kusan kullum ma'aikacin albashi ne, malamin makaranta ko ma'aikacin hukuma, wanda ake ɗauko shi daga bakin aikinsa a sa shi rubutu, in ya gama ya koma.

3.1 Kafin Samuwar Marubucin Yara

Kafin zuwan Turawan mulkin mallaka, yaron Bahaushe yana da hanyoyi biyu na samun ilmi da labari, kuma babu wadda take buƙatar marubucin yara a cikinsu. Da rana yana makarantar allo, inda malam yake rubuta masa karatunsa da tawada da alƙalamin kara, ya haddace, ya wanke, a sake rubuta masa wani. Da dare kuma yana gaban kakarsa ko wata tsohuwa ta gida, yana sauraron tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Littattafan da malamai suke rubutawa da Larabci ko da ajami na manya ne, kuma sun shafi tauhidi da fiƙihu da wa'azi da tarihi. Akwai ƙawa a cikin wannan al'ada, domin ana yi wa allon sauka zayyana, ana kuma ƙawata Alƙur'ani rubutun hannu da launuka, amma zayyanar ba ta ƙunshi surar mutum ko ta dabba ba. Saboda haka littafin da za a buɗe a ga zanen sarki a kan doki ko na kura tana gudu baƙon abu ne ƙwarai.

Da Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano a 1909, sai matsalar abin karantawa ta taso. An koya wa yara haɗa baƙi da wasali, amma babu littattafan da za su ci gaba da karantawa. Wannan ne ya sa aka kafa Hukumar Fassara a 1929, wadda daga baya ta zauna a Zariya, aka kuma sauya mata suna zuwa Hukumar Talifi a 1933, a ƙarƙashin jagorancin Dokta Rupert East. A wannan shekara ce East ya zaga manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai. A wata maƙala da ya buga a mujallar Africa a 1936 ya bayyana irin wahalar da ya sha, domin malamai da yawa suna ganin ƙirƙirar labari aikin mata da yara ne, bai dace da mai ilmi ba. Abin lura a nan shi ne, tun kafin a sami marubucin yara na farko, an riga an ɗora wa sana'ar tasa raini. Gasar ta haifar da littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Babu ɗaya daga cikin marubutan da rubutu ne sana'arsa.

3.2 Wata Shida na Abubakar Imam a Zariya

An haifi Abubakar Imam a Kagara a 1911, a gidan malamai. Ya yi karatu a Kwalejin Horon Malamai ta Katsina daga 1927 zuwa 1932, sa'an nan ya kama koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Yana wannan aiki ne ya rubuta Ruwan Bagaja. East ya ga alamun hazaƙa a cikin littafin, ya kuma lura da yadda marubucin yake iya ɗauko labari daga littattafan Larabci, irin su Muƙamatul Hariri, ya mayar da shi tamkar a ƙasar Hausa ya faru. Wannan baiwa ce ta sa a 1936 aka nemi aron sa daga Katsina zuwa Zariya na tsawon wata shida, domin ya rubuta littattafan karatu na makarantu. A lokacin yana da shekara 25 da haihuwa.

Kalmar aro tana da muhimmanci a nan. Imam bai ajiye aikinsa ya zama marubuci mai zaman kansa ba, kuma ba shi ya kai wa hukuma littafi yana neman a buga masa ba. Hukuma ce take da buƙata, ita ta zaɓi mutumin, ita ta yanke wa'adi, ita ta tanadi wurin zama da kayan aiki. Abin da ya dogara da shi a wannan lokaci shi ne albashinsa na malanta. Da wa'adin ya cika sai ya koma ajinsa a Katsina.

Aikin nasa na kullum ya kasu kashi uku, wato karatu da rubutu da bita. Ta fuskar karatu, East ya tara masa littattafan labarai na ƙasashe daban-daban: tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan nan biyu da ake kira Grimm, da labaran Dare Dubu da Ɗaya, da wasu na Larabawa da Farisa da Indiya. Hatta ginshiƙin littafin, wato aku mai ba da labari domin ya hana wani fita daga gida, yana da asali a tsohon adabin Indiya da na Farisa. Imam ya mayar da shi labarin Musa ɗan Sarki Abdurrahman, wanda aku yake riƙe shi da hira dare bayan dare don kada ya faɗa tarkon Waziri. A littafi na biyu aka yi gasar ba da labari tsakanin aku da wani akun mai suna Haziƙ, a na uku kuma aku yana koyar da ɗansa Fasih. Wannan tsari ya sauƙaƙa wa marubucin aiki ƙwarai, domin duk labarin da ya gama yana da gurbin da zai shiga, ya kuma sauƙaƙa wa malamin aji, domin kowane labari yana iya zama darasi guda.

Rubutun shi ne inda nauyin yake. Littattafan uku sun ƙunshi labarai sama da 80. Idan aka raba wannan adadi a kan makonnin da suke cikin wata shida, za a ga cewa sai marubucin ya kammala labari uku ko fiye a kowane mako, ban da labarin aku da ya ɗinke su. Wannan ba aikin mai jiran sai ilhama ta zo ba ne. Aiki ne na mai zama a kujera kullum kamar akawu, ko yana jin daɗin rubutun ko ba ya ji. Kuma ba fassara yake yi ba. Misali, a tatsuniyar Jamusawa akwai wata kuku da ta cinye kajin da maigidanta ya sa ta soya wa baƙo, sa'an nan ta haɗa su rigima don ta kuɓuta. Da labarin ya zo hannun Imam sai ya zama na Kalala da Kalalatu, wato miji da mata, domin a gidan Bahaushe na wancan zamani uwargida ce take da madafa, kuma yaro zai fi saurin gane ta fiye da wata kukun haya. Haka ya yi wa labarin mai busar nan na garin Hamelin da ya kori ɓeraye aka hana shi lada, wanda ya zama Labarin Sarkin Busa. Kowane labari sai an sake masa suna da gari da sutura da abinci, an sa wa mutanensa karin magana da ba'a da rantsuwa irin ta Hausawa. Wasu manazarta sun ɗauki wannan a matsayin naƙasu, suna cewa labaran ba nasa ba ne. Gaskiya ne ba shi ya ƙago ƙashin bayan yawancinsu ba, amma wanda ya gwada mayar da shafi guda na Turanci zuwa Hausar da yaro zai karanta ya yi dariya, zai san cewa wahalar ba a samo labarin take ba.

Kashi na uku shi ne bita tare da edita. Duk abin da Imam ya rubuta sai East ya karanta sun tattauna. A cikin tarihin rayuwarsa, wanda Abdurrahman Mora ya shirya, kamfanin NNPC ya buga a 1989, Imam ya ambaci cewa East ya koya masa ƙa'idoji da dama na rubutun labari, daga ciki har da cewa kada a bar mugu ko macuci ya yi nasara a kan mutumin kirki a ƙarshen labari. Wannan ƙa'ida ta nuna wanda ake rubuta wa littafin, wato ɗan makaranta da ake son a gyara wa tarbiyya. Ta kuma nuna iyakar 'yancin marubucin. Harshen nasa ne, ban dariyar tasa ce, amma abin da ya dace yaro ya karanta, Baturen hukuma ne yake da magana ta ƙarshe a kansa. Ba za a ce wannan ya ɓata littafin ba, tun da har yanzu ana karanta shi, sai dai ya kafa al'adar da ta daɗe, ta yadda littafin yara na Hausa ba ya rabuwa da darasi da gargaɗi, ko da a inda nishaɗi kawai ya isa.

An buga littattafan uku tsakanin 1937 da 1939. Kafin na ƙarshe ya gama shiga makarantu, an sake kiran Imam Zariya, wannan karo domin ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a watan Janairu na 1939. Daga nan rubutun yara ya zama abin da yake yi a gefen aikin jarida. Daga cikin irin wannan rubutu nasa akwai Ƙaramin Sani Ƙuƙumi, da kuma jerin littattafan Ikon Allah da suka rubuta tare da East a kan halittu da kimiyya.

Idan aka kwatanta da abin da yake faruwa a Ingila za a ƙara ganin bambancin. Beatrix Potter ita take rubuta labarinta, ita take zana hotunansa. Da kamfanoni suka ƙi karɓar labarinta na zomo mai suna Peter, sai ta buga kofe 250 da kuɗinta a 1901, kafin kamfanin Frederick Warne ya karɓa ya buga a 1902. Cinikin littattafanta ya taimaka mata ta sayi gona a 1905. Iyaye ne suke shiga kanti su saya wa 'ya'yansu. Imam kuwa mai sayen littafinsa na farko shi ne Ma'aikatar Ilmi da hukumomin En'e, waɗanda suke saye su raba wa makarantu.

3.3 Mai Zane da Maɗaba'a

Marubucin littafi mai hotuna ba ya gama aiki shi kaɗai. Bayan an daidaita rubutu, bisa al'adar ofisoshin wancan lokaci sai a miƙa wa akawu ya buga a tafireta, a sake dubawa, sa'an nan a zaɓi wuraren da za a sa zane. A tsarin da Hukumar Talifi ta kafa, marubuci daban, mai zane daban, kuma edita ne yake tsakaninsu. Mutane da yawa da suka yi makaranta a Arewa suna iya kwatanta zanen aku ko na wani sarki da suka gani a Magana Jari Ce tun suna yara, amma kaɗan ne za su iya faɗin sunan wanda ya zana. Wannan kansa ya isa ya nuna matsayin da aka ba mai zane.

Yanayin ɗab'i shi ma ya takura wa hoto. A injinan da, ana jera haruffan ƙarfe ne ɗaya bayan ɗaya ko layi-layi, kowane zane kuma sai an sassaƙa shi a jikin farantin ƙarfe na musamman kafin a haɗa shi da rubutu. Idan ana son launi, sai takarda ta bi ta cikin inji sau da yawa, kowane launi da zagayensa. Saboda haka zanen baƙi da fari, na layi zalla, shi ne mai araha, kuma shi aka fi yi. Hatta haruffan Hausa sun zama ƙarin ɗawainiya, domin a shekarun 1930 ne aka bar sa ɗigo a ƙarƙashin harafi aka koma amfani da ƙ da ɗ da ɓ masu lanƙwasa, waɗanda sai an yo odar su musamman. Har wa yau, ana buga littafi ne a manyan takardu da ake ninkawa su ba da shafi 8 ko 16, shi ya sa littafin hotuna a ko'ina a duniya ya fi zuwa da shafi 32. Marubucin da ya san aikinsa yana rubutu ne yana ƙirga shafi, yana kuma sane da cewa duk hoton da ya nema ƙarin kuɗi ne a kan kowane kofe. A inda mai saye hukuma ce mai neman littafi mai araha ga dubban yara, rubutu ne yake cin hoto.

3.4 Zariya Tana Bugawa, Kaduna Tana Yanke Shawara

A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, Zariya, aka haɗa jarida da sashen littattafai da maɗaba'a a wuri guda. Da aka shiga gangamin Yaƙi da Jahilci a farkon shekarun 1950, buƙatar ƙananan littattafai masu sauƙi da zane ta ƙaru, aka kafa Hukumar NORLA a 1954, wadda ta yi aiki zuwa 1959. Ita ce ta riƙa fitar da ƙananan jaridun larduna irin su Himma ta Katsina da Sodangi ta Kano da Zaruma ta Sakkwato. A 1966 kuma aka kafa kamfanin NNPC da haɗin gwiwar kamfanin Macmillan na Ingila, ya gaji littattafan da aka buga a baya.

Ko da yake injinan suna Zariya, ƙaddarar littafi a Kaduna ake yanke ta, mai nisan kimanin kilomita 80. A wancan lokaci Kaduna ce hedikwatar Jihar Arewa, a nan Ma'aikatar Ilmi take, kuma ita take tsara manhaja da jerin littattafan da makarantu za su yi amfani da su. Littafin da ya shiga jerin ya sami kasuwa ta shekaru, wanda bai shiga ba kuwa sai ya kwanta a sito. Shi kansa Imam Kaduna ce ta ɗauke shi daga harkar littattafai, domin daga tsakiyar shekarun 1950 ya koma aiki a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa. Wannan ma wata siffa ce ta sana'ar: marubucin da ya yi fice, sakamakonsa shi ne a ba shi babban muƙami wanda zai rage masa lokacin rubutu. Imam ya ci gaba da wallafa littattafai, musamman na addini da tarihi, har zuwa rasuwarsa a 1981, amma bai sake yin wani aiki mai girman Magana Jari Ce ba.

A zamanin da ya biyo baya, malaman kwaleji da na jami'a ne suka karɓi aikin. Fitaccen misali shi ne Ibrahim Yaro Yahaya, wanda ya daɗe yana aiki a Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, Kano. A farkon shekarun 1970 kamfanin buga littattafai na Jami'ar Oxford da yake Ibadan ya buga masa Tatsuniyoyi da Wasanni, littafi na 1 zuwa na 6. Hanyar aikinsa ta saɓa da ta Imam. Maimakon ya ɗauko labari daga littattafan waje ya sa masa rigar Hausa, sai ya koma ga tatsuniyoyi da wasannin da yara suke yi a dandali ya mayar da su rubutu. Wannan aiki yana buƙatar sauraro da tattarawa da tacewa, sa'an nan a jera daga mai sauƙi zuwa mai wuya bisa ajin yaro. Amma ta fuskar abin dogaro babu bambanci tsakaninsu: albashin koyarwa ne yake riƙe da gida, makaranta ce kasuwa. Shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976, da Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 wadda ta ce a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa a farkon firamare, sun faɗaɗa wannan kasuwa ƙwarai na ɗan lokaci.

3.5 Bayan da Hukuma Ta Janye Hannu

Faɗuwar farashin man fetur a farkon shekarun 1980 da shirin tsuke bakin aljihu na 1986 sun karya darajar naira. Takarda da tawada da kayan gyaran inji, waɗanda yawancinsu daga waje ake shigo da su, suka yi tsada, gwamnatocin jihohi kuma suka rage sayen littattafai. Manyan kamfanoni sai suka taƙaita ga sake buga tsofaffin littattafan da suke cikin manhaja.

A daidai wannan lokaci ne rubutun ƙagaggun labarai na manya ya sami sabuwar rayuwa a Kano da Kaduna da sauran garuruwa, inda marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suka riƙa buga littattafansu da kansu suna kai wa 'yan kasuwa. Tambayar da ta dace a yi ita ce, me ya hana littafin yara bin wannan hanya? Amsar tana cikin abin da aka bayyana a sama. Littafin soyayya rubutu ne zalla a kan takarda mai araha, hoto ɗaya ne a bango, kuma mai karanta shi, budurwa ko matar aure ko saurayi, shi yake cire kuɗi ya saya ko ya yi haya. Littafin yara kuwa yana buƙatar mai zane da launi da takarda mai kauri, kuma mai karanta shi ba shi da ko kwabo. Sai uba ya ga dacewar saye, alhali yawancin iyaye sun saba da cewa littafin yaro makaranta ce take bayarwa. Ke nan marubucin manya ya sami hanyar tsayawa da ƙafarsa, na yara bai samu ba.

Iyayen da suke da halin saye kuma sun karkata ga Turanci. A unguwannin Kaduna irin su Unguwar Rimi da Malali, inda ma'aikata da 'yan kasuwa suke zaune, makarantun naziri da firamare masu zaman kansu da Turanci suke koyarwa tun daga ajin farko, littattafan hotunan da yaran suke gani ma na Turanci ne. Hatta 'yan Arewa da suka shiga wannan fage da ƙwarewa sun fi samun mawallafi da Turanci. Misali, kamfanin Cassava Republic da aka kafa a Abuja a 2006 ya buga jerin littattafan hotuna da Fatima Akilu ta rubuta, Mustapha Bulama ya zana. A nan an sami littafin hotuna na sosai, mai launi, da sunan mai zane a bango kusa da na marubuciya, sai dai ba da Hausa ba. Ita ma marubuciyar tana da wata sana'a, domin masaniyar halayyar ɗan Adam ce, mai zanen kuma ya yi suna ne a zanen barkwanci na jaridar Daily Trust.

Ta ɓangaren Hausa, ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje ne suka hau kujerar da Hukumar Talifi ta bari. Daga 2015 hukumar USAID ta Amurka ta ɗauki nauyin wani shiri a jihohin Bauchi da Sakkwato wanda ya samar da littattafan Mu Karanta, aka kuma yi shirin RANA a jihohin Katsina da Zamfara tare da UNICEF. A irin waɗannan shirye-shirye akan gayyato malaman firamare da na kwalejojin ilmi da jami'an ma'aikata, a tara su a taron bita na kwanaki, a ba su ƙa'idar baƙaƙe da gaɓoɓin da yaro ya riga ya koya a kowane mataki, su rubuta gajerun labarai a cikin wannan iyaka, a miƙa wa mai zane, su kuma su koma wuraren aikinsu. Idan aka cire kwamfuta da launi, tsarin bai yi nisa da na 1936 ba: an yi aron malami, an yanke masa wa'adi, an gindaya masa ƙa'ida, kuma wanda ya biya kuɗin shi yake raba littafin. Bambancin da ya fi fitowa fili shi ne, Imam ya sami wata shida da sunansa a bango, marubucin taron bita kuwa sau da yawa sunansa yana cikin dogon jeri ne a shafin ciki.

A watan Nuwamba na 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da wata manufa da ta ce a koyar da yara da harshen uwa a duk shekaru shida na firamare, abin da zai buƙaci sababbin littattafan Hausa masu yawa. A 2025 gwamnatin Amurka ta rufe hukumar USAID. A watan Nuwamba na wannan shekara kuma Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke manufar ta 2022 da mayar da Turanci harshen koyarwa tun daga matakin farko.